Tarihin Doris Miller, kukun da ya harbi jiragen Japan

An haifi Doris Miller ranar 12 ga watan Oktoban 1919 a garin Waco na jihar Texas a Amurka. Iyayensa baƙaƙen fata ne, talakawan manoma.

Ya shiga rundunar sojin ruwan Amurka a watan Satumban 1939. A lokacin, ba a bai wa baƙar fata wani aiki a rundunar sai hidimar hafsoshi: girki, raba abinci, wanki da gyaran gado.

Yana cikin jirgin ruwan yaƙi na West Virginia, yana tattara kayan wanki, lokacin da Japan ta kai hari a Pearl Harbor ranar 7 ga watan Disamban 1941.

Ya taimaka wajen kwashe waɗanda suka jikkata, ciki har da kyaftin ɗin jirgin, Mervyn Bennion, wanda daga baya ya cika. Daga nan ya kama bindiga mai sarrafa kanta, wadda ba a taɓa koya masa ba, ya yi ta harbin jiragen saman Japan.

Da farko rundunar ba ta bayyana sunansa ba, sai da jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ta gano shi. A watan Mayun 1942 Admiral Chester Nimitz ya maƙala masa lambar yabo ta Navy Cross, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya same ta.

Sai dai lambar ba ta raba shi da tukunya ba. A shekarar 1943 aka tura shi wani sabon jirgi mai suna Liscome Bay a matsayin kuku.

Liscome Bay na daga cikin ƙananan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama, waɗanda aikinsu shi ne raka ayarin jiragen ruwa da kare sojojin da ke sauka a gaɓar teku. Kamfanin Kaiser ya ƙera irinsa guda 50 cikin gaggawa.

Gaggawar kuwa ta nuna. Jikin jirgin ba shi da kauri, ba ya da gudu, kuma babu wani sulke na kirki a kewayen rumbun bama-bamansa.

Mutane kimanin 900 ne ke cunkushe a ciki tare da jiragen sama 28, da man jiragen, da makamai. Ƙananan sojoji na kwana a gadaje masu hawa-hawa, cikin zafin yankin tsakiyar tekun Fasifik. Sojojin da kansu kan yi wa irin waɗannan jirage ba'a da cewa saurin kama wuta gare su, kuma hukuma ba za ta yi kukan rashinsu ba.

Da asubahin ranar 24 ga watan Nuwamban 1943, a kusa da tsibirin Makin, wanda yanzu ke cikin ƙasar Kiribati, wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan mai lamba I-175 ya harbo makami ya sami Liscome Bay daidai wajen rumbun bama-baman.

Ɓangaren bayan jirgin ya tarwatse nan take, kuma cikin minti 23 ya nitse. Fiye da mutane 640 suka mutu, ciki har da Admiral Henry Mullinnix da kyaftin ɗin jirgin, Irving Wiltsie. Mutane 272 ne suka tsira.

Ba a ga gawar Miller ba. Ya rasu yana da shekara 24, kuma an sanar da iyayensa ɓacewarsa ranar 7 ga watan Disamban 1943, shekara biyu cif da harin Pearl Harbor.

A watan Janairun 2020 rundunar sojin ruwan Amurka ta sanar cewa za ta sanya sunansa ga wani katafaren jirgi mai ɗaukar jiragen sama, karo na farko da aka yi wa baƙar fata irin wannan karramawa.