Kofi na Berbice, bawan da ya nemi a raba ƙasa biyu

A birnin Georgetown, fadar gwamnatin Guyana da ke Kudancin Amurka, akwai wani katafaren mutum-mutumin tagulla da Philip Moore ya tsara, aka buɗe shi a 1976. An kafa shi ne domin tunawa da Kofi, wanda mutanen ƙasar ke kira Cuffy, jagoran boren bayi na 1763.

Kofi ɗan ƙabilar Akan ne, daga yankin da yau ake kira Ghana. A al'adar mutanensa, sunan na yaron da aka haifa ranar Juma'a ne, wato Ɗanjuma a wajenmu. An kama shi aka tsallake teku da shi zuwa Berbice, wani yanki da Turawan Holan ke mulka, inda ya zama bawan gida a gandun Lilienburg. A lokacin Turawan yankin ba su wuce 350 ba, bayi 'yan Afirka kuwa sun haura 3,800, suna noman rake da gahawa da auduga cikin yunwa da bulala.

Ranar 23 ga Fabrairu 1763 wuta ta tashi a gandun Magdalenenburg da ke bakin kogin Canje. Cikin 'yan makonni bore ya mamaye gandaye, har Gwamna Van Hoogenheim ya bar sansanin Nassau, aka banka masa wuta, ya tsere da sauran Turawa zuwa bakin teku. Kofi ya ɗauki muƙamin gwamna, Akara kuma ya riƙe ragamar mayaƙa.

Abin da ya bambanta Kofi da sauran jagororin bore shi ne wasiƙunsa. Ya aika wa Van Hoogenheim saƙo a matsayin gwamna mai magana da takwaransa. Ya bayyana cewa zaluncin wasu iyayen giji da ƙarancin abinci ne suka jawo yaƙin, har ya ambaci sunayen masu laifin. Sannan ya kawo wata shawara: a raba Berbice biyu, Turawa su riƙe ɓangaren teku, baƙaƙe su zauna a ɓangaren tudu cikin 'yanci. Wannan fa kusan shekara talatin ke nan kafin juyin juya halin Haiti.

Van Hoogenheim bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya amsa cewa sai ya ji ta bakin shugabanninsa a Amsterdam, alhali jiran sojoji yake yi. Duk wanda ya taɓa bin takarda a ofis ya san irin wannan amsa. Kafin Kofi ya farga, taimako ya iso wa Turawa daga Suriname da tsibirin Sint Eustatius. Harin da mayaƙansa suka kai gandun Dageraad ranar 13 ga Mayu ya ci tura.

Daga nan baraka ta kunno kai. Abinci ya yi ƙaranci, wasu kuma suka fusata da yadda sabbin shugabannin ke tilasta wa 'yan uwansu komawa aikin gona, wanda ba ƙaramin tabo ba ne a mulkin Kofi. Wani mai suna Atta ya ƙalubalance shi ya yi rinjaye, Kofi kuma ya kashe kansa kafin shekarar ta ƙare. Sojojin Holan, tare da taimakon wasu 'yan asalin ƙasar, suka murƙushe boren a 1764, aka kashe fiye da mutum ɗari bayan shari'a, wasunsu ta hanyar ƙonawa da rai.

Berbice ta koma hannun Ingila daga baya, ta shiga cikin ƙasar da ta sami 'yanci a 1966. Da Guyana ta tashi zama jamhuriya a 1970, sai ta zaɓi 23 ga Fabrairu, ranar da aka fara boren. A ranar ce kowace shekara ake bikin Mashramani, titunan Georgetown su cika da kiɗa da rawa.