SOICHIRO HONDA, ƊAN MAƘERIN DA YA KOYA WA INJI GUDU

Daga garejojin Jalingo har zuwa na Agege da na Sabon Ibadan, da wuya a sami bakaniken da bai taɓa kwance injin Honda ba. Amma ba kowa ya san cewa Honda sunan mutum ba ne, kuma shi ma da kanikanci ya fara.

An haifi Soichiro Honda ran 17 ga watan Nuwamba, 1906, a wani ƙauye kusa da Hamamatsu a ƙasar Japan. Ubansa maƙeri ne mai gyaran kekuna, uwarsa kuwa masaƙiya ce. Yana da shekara 15 ya tafi birnin Tokyo koyon aiki a garejin Art Shokai, inda aka fara sa shi renon ɗan maigida kafin a bar shi ya taɓa sifana. Cikin 1928 ya koma Hamamatsu ya buɗe reshen garejin.

Cikin 1936 ya yi mummunan hatsari a tseren mota. Bayan ya warke sai ya shiga ƙera zobban fistan, amma daga cikin 50 da kamfanin Toyota ya gwada, uku kaɗai suka ci. Maimakon ya yi zuciya, sai ya shiga makarantar koyon sana'a ta Hamamatsu don ya san halin ƙarfe. Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasa suka lalata masana'antunsa, ya sayar wa Toyota abin da ya saura cikin 1945. Shekara na zagayowa ya fara ɗaura wa kekuna ƙananan injunan da soja suka bari, kana ya kafa kamfanin Honda cikin 1948.

Cikin watan Maris, 1954, kamfanin na fama da rashin kuɗi, sai Honda ya yi shelar zai shiga gagarumin tseren babura na tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan. Da ya je kallo a watan Yuni, sai ya tarar baburan Jamus da na Italiya sun ninka nasa ƙarfi har wajen sau uku. Ya koma gida jiki a sanyaye, amma ya gane cewa ƙaramin inji ba ya samun ƙarfi sai ya yawaita juyi a minti guda.

To, a nan gizo ke saƙa. A cikin kan inji akwai sandar ƙarfe mai tozaye, wadda kanikawa ke kira kamshaf. Tozon ne ke danna bawul ya buɗe, mai da iska su shiga ko hayaƙi ya fita, sifirin kuma shi ke mayar da shi ya rufe. Idan inji yana juyi 18,000 a minti, kowane bawul zai buɗe ya rufe sau 150 a daƙiƙa guda. In sifirin ya gaza, bawul sai ya riƙa shawagi bai zauna ba, ƙarfi ya zube, wani lokaci ma fistan ya buge shi inji ya watse. In kuwa aka sa sifirin mai tauri ainun, sai ya cinye tozon kamshaf, ya kuma sha wani kaso na ƙarfin injin.

Dabarar da Honda da injiniyoyinsa suka bi ita ce rage nauyi. Maimakon manyan bawul biyu a kowace silinda, sai suka sa ƙanana huɗu, waɗanda sifirin ke iya mayarwa ba wahala. Suka ɗora kamshaf biyu a saman inji, suka kuma raba injin zuwa ƙananan silinda masu gajeriyar tafiyar fistan.

Cikin 1959 suka shiga tseren karo na farko, suka zo na 6 da na 7 da na 8 a ajin 125cc, aka ba su kyautar ƙungiya. Cikin 1961 kuwa baburan Honda suka kwashe na ɗaya har zuwa na biyar a ajin 125cc da na 250cc, Baturen Ingila Mike Hailwood yana kan gaba a duka biyun. Babur ɗinsu RC166 na 1966 yana da silinda 6 da bawul 24, yana juyi wajen 18,000 a minti. Har ila yau, a babur ɗin kasuwa CB450 na 1965 sun yar da naɗaɗɗen sifirin, suka sa sandar ƙarfe mai murɗewa ta riƙa rufe bawul.

Honda mutum ne mai zafin rai da taurin kai. Ya daɗe yana jayayya da samarin injiniyoyinsa, ya nace a kan inji mai sanyaya da iska, su kuwa suna son mai ruwa. Da ta bayyana su ke da gaskiya, ya sakar musu. Cikin 1973 shi da abokin aikinsa Takeo Fujisawa suka yi murabus tare, kuma ba wanda ya ɗora ɗansa a kan kujerar. Cikin 1979 aka kafa reshen kamfanin a Nijeriya, mai masana'anta a Ota ta Jihar Ogun.

Ya rasu a Tokyo ran 5 ga watan Agusta, 1991, yana da shekara 84, a watan da Jalingo ta zama hedkwatar sabuwar Jihar Taraba.

Bakaniken da ke son ƙara wa tsohon inji juyi yana da abin koyi a nan. Sauya kamshaf kaɗai ba ya isa, sai an auna sifirin da nauyin bawul da tazarar da ke tsakaninsa da fistan, domin in ɗaya ya saɓa, sauran duka asara ce.