Ɗan Hausa: Shugaban Makarantar da Ya Fara Koya Kafin Ya Koyar

A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ba ɗan Ikilisiyar Katolika ba ne, ba kuma haifaffen ƙasar nan ba ne. Duk da haka, kowane yaro da ya buɗe littafi ya karanta Hausa da boko, ko a Gaya ko a Ajingi, yana cin moriyar aikinsa. Sunansa Hanns Vischer, amma Kanawa sun fi saninsa da Ɗan Hausa. Gidan ƙasar da ya zauna a ciki yana nan a Nasarawa, cikin Kano, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.

An haife shi a birnin Basel na ƙasar Siwizalan ran 14 ga Satumba, 1876. Ya yi karatu mai zurfi har a Jami'ar Kambirij ta Ingila, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, ta Ikilisiyar Angilikan, wadda ta kawo shi Arewa a 1901. Bai daɗe cikin aikin mishan ba. A 1903 ya karɓi takardar zama ɗan Ingila, ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Borno. A 1906 kuwa ya yi tafiyar da ta fito da sunansa: ya taso daga Tarabulus da ayarin raƙuma, ya ratsa hamadar Sahara ta Murzuk da Bilma har Tafkin Cadi, tare da alhazai masu komowa daga Makka da bayin da aka 'yanta masu neman komawa gida. Wata da watanni yana cuɗanya da su, abin da suka ci shi ya ci, ƙishin da suka sha shi ya sha. A irin wannan zama ne mutum ke sanin harshe da halin masu shi.

A 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka ɗora masa nauyin tsara ilimin zamani a Arewa. Nan ne darasi na farko yake. Bai yi garajen tara yara ba. Sai da ya je Masar da Sudan da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Ikko, ya shiga azuzuwa, ya ga yadda ake koyarwa, ya auna abin da zai karɓi ƙasar Hausa da wanda ba zai karɓe ta ba. Da ya dawo, a 1909, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar birni, a zamanin Sarkin Kano Abbas.

Ajin da ya fara buɗewa na malamai ne, ba na yara ba. Ya tara malaman da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, ya koya musu karatu da rubutun boko, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, domin su ne za su tsaya gaban yara gobe. Ya gane cewa bango da rufi ba su ne makaranta ba, malami ne makaranta. Bayan haka ne aka buɗe sashen 'ya'yan sarakuna, da elementare, da sashen sana'a inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci da sauran aikin hannu. Kafin ƙarshen 1913 ɗalibai sun haura 200, daga larduna dabam-dabam na Arewa.

Ya tsaya a kan cewa da Hausa za a koyar, domin yaro ya fi saurin gane abin da aka faɗa masa da harshen da yake ji a gida. Amma rubutun boko a lokacin bai da tsayayyar ƙa'ida. Turawan mishan irin su Schön da Robinson sun riga sun rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa, sai dai kowa da tasa hanya. Saboda haka a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa, waɗanda aka yi ta gyarawa daga baya har aka kai ga irin rubutun da kuke karantawa yanzu. Bai raba yara da rigunansu ko al'adunsu ba, an kuma bar malamai suna koya musu Larabci da addininsu. Da haka, sannu a hankali, iyayen da ke tsoron boko suka fara sakin jiki. Matarsa Isabelle, wadda ya aura a 1911, ta zauna tare da shi a Nasarawa, ta kuma bar littafi da Faransanci a kan zamansu.

Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ɓarke a 1914, shi ya raba shi da Kano. Amma iri ya riga ya faɗa ƙasa. Malaman da aka horar a Nasarawa su suka riƙe makarantun larduna da aka buɗe a Sakkwato da Katsina da sauran wurare, daga cikinsu kuma aka sami ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922. Shi kuwa daga 1923 zuwa 1939 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka, yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926. Ya rasu a Ingila ran 19 ga Fabrairu, 1945.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye ta ba: aikinsa yana da giɓi. Makarantarsa ta gwamnatin mallaka ce, babbar manufarta kuwa samar wa sarakuna da En'e ma'aikata. 'Ya'yan manya da na malamai su aka fi dubawa. 'Yan mata ba su da wuri, sai wajen 1930 aka fara makarantunsu a Kano da Katsina. 'Ya'yan Maguzawa na karkara an bar su a baya, ga shi kuma an daɗe ana taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa. Wannan giɓi ne Ikilisiya ta shiga cikewa daga baya, musamman bayan zuwan Sistocin St. Louis Kano a 1948. Mu da iyayenmu suka shiga aji a makare mun san ciwon wannan jinkiri.

To, me za mu ɗauka? Muna roƙon kowane hedimasta a ƙasar Gaya da Ajingi, Kirista ko Musulmi, ya duba wannan rayuwa. Shugaban da ke zaune a ofis da rajista kaɗai bai san makarantarsa ba. Ya shiga aji, ya zauna a baya, ya saurari darasi, sa'an nan ya keɓe da malamin su gyara tare, ba tare da tozartawa ba. Ya ware lokaci kowane mako malamai su koya wa juna. Ya kira yaro ɗan aji uku ya ba shi littafin Hausa ya karanta, domin nan ne gaskiyar aikin take fitowa. Kada kuma a raina aikin hannu. Tarihi ya nuna cewa maƙeran da suka sauka gindin Dala neman tama daga Gaya suka fito, ashe ƙira gadonmu ce.

Ikilisiya ma tana da nata madubi. Waliyyi Yohanna Baptis de La Salle, wanda ya rasu a 1719, ya koyar da 'ya'yan talakawa da Faransanci maimakon Latin, ya kuma kafa wuraren horar da malamai. Paparoma Pius na 12 ya naɗa shi majiɓincin malaman makaranta a 1950. Ɗaya firist ne a Faransa, ɗaya ma'aikacin gwamnati ne a Kano, amma sun haɗu a kan abu biyu: a gyara malami tukuna, a kuma yi wa yaro magana da harshen da yake ji.

Ku iyaye, naku aikin shi ne ku buɗe ƙofar da aka rufe wa kakanninmu. Kada shuka ko girbi ko talla su cire yaro daga aji, mace ko namiji. Ku halarci taron iyaye da malamai, ku duba littafin yaro da yamma, wanda bai iya karatu ba ya sa katikis ko maƙwabci ya duba masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji Yesu, Babban Malami, ya ba shugabannin makarantunmu hikima da haƙuri, ya kuma ji ƙan dukan waɗanda suka koyar da mu. Amin.