Ellen Church: Ta Nemi Tuƙin Jirgi, Aka Ba Ta Aikin Kula Da Fasinja

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin sama, ko da na Kano zuwa Legas ne, ya san matan nan masu inifom da ke tarbar mutum a ƙofa, su nuna masa kujera, su koya masa ɗaura bel. Da yawanmu kallon masu rabon shayi muke musu. Amma macen da ta fara wannan aiki a duniya ba shi ta je nema ba.

Sunanta Ellen Church. An haife ta a shekarar 1904 a Cresco, wani ƙaramin gari a jihar Iowa ta Amurka. Ta karanci aikin jinya, ta kama aiki a asibiti a San Francisco, a gefe guda kuma tana koyon tuƙin jirgi har ta samu lasisi. A 1930 sai ta tunkari kamfanin Boeing Air Transport, wanda daga baya ya zama United Airlines, tana neman a ɗauke ta matuƙiya. Suka ce sam, mace ba za ta riƙe musu jirgi ba.

Da wata ce, da ta koma asibitinta. Ita kuwa sai ta kawo wa manajan ofishin, Steve Stimpson, wata shawara: a sa nas-nas a cikin jirage. Ku tuna, jirgin wancan zamani ba irin na yau ba ne. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, iska na jijjiga shi, ga ƙara, ga sanyi, fasinja sai amai. Mutane kuma tsoron hawa suke. Lissafinta shi ne nas za ta kula da wanda jiri ya ɗiba, sannan namijin da ya ga mace tana yawo a sama hankali kwance zai ji kunyar nuna tsoro. Kamfanin ya yarda a gwada na wata uku.

Mata takwas aka fara ɗauka, ita ce shugabarsu. Ranar 15 ga Mayu, 1930 ta fara aiki a layin Oakland zuwa Shikago, tafiyar da ke cin kusan awa 20, ana sauka sau 13 a hanya. Albashi dala 125 a wata. Aikin kuwa, ba a cewa komai. Ban da raba abinci, su ke duba tikiti, su ɗauki kaya, su ɗaure kujerar da ta kwance, su share cikin jirgi. Wani lokaci har da su ake zuba mai, ko a tura jirgin zuwa rumfarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sharuɗɗan. Dole ki zama nas mai rajista, ba ki da aure, ba ki wuce shekara 25 ba, nauyinki kada ya haura kilo 52, tsayinki kada ya zarce santimita 163. Na nauyi da tsayi dai a ce da hujja, tunda jirgin ƙarami ne, rufinsa kuma gajere. To aure fa, me ya haɗa shi da tashin jirgi? Kuma wannan doka ba ta tafi da ƙananan jiragen ba. Kamfanonin Amurka sun ci gaba da sallamar ma'aikaciya idan ta yi aure har wajen ƙarshen shekarun 1960, sai da mata suka yi ta kai ƙara kafin a daina. A ganina Ellen ta buɗe wa mata ƙofa, babu musu, amma masu kamfani ne suka yanka faɗinta.

Ita kanta wata 18 kacal ta yi a sama. Haɗarin mota ya raunata ta, ta bar aikin, ta koma karatu a Jami'ar Minnesota, ta ci gaba da jinya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai ga ta kuma a jirgi, wannan karon kyaftin ce a sashen jinya na sojan Amurka, tana kwaso sojojin da suka ji rauni daga Arewacin Afirka da Italiya. Ta horar da nas-nas ɗin da suka yi irin wannan aiki lokacin da aka kutsa Faransa a 1944, aka kuma ba ta lambar yabo ta Air Medal.

Bayan yaƙi ta zauna a Terre Haute ta jihar Indiana, inda ta kai ga shugabantar wani asibiti. Ba ta yi aure ba sai a 1964, tana dab da shekara 60. A watan Agustan 1965 ta faɗo daga kan doki, ajali ya sauka. Filin jirgin garinsu Cresco yau sunanta yake ɗauke da shi. Kujerar matuƙi da ta nema kuwa, sai a 1973 wani babban kamfanin jiragen Amurka ya ɗora mace a kanta, shekara takwas bayan rasuwarta.