John Snow, Likitan da Ya Bi Sawun Cuta da Taswira

An haifi John Snow a ranar 15 ga watan Maris, 1813, a birnin York na ƙasar Ingila. Mahaifinsa lebura ne, shi kuwa shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara. Yana da shekara 14 aka kai shi Newcastle koyon aikin likita. A shekarar 1832 ya yi jinyar masu haƙar kwal waɗanda suka kamu da kwalara, wato cutar amai da gudawa. Daga baya ya koma Landan, inda ya sami digirin likita a 1844.

A wancan zamani, yawancin likitoci sun ɗauka iska mai wari ce ke kawo kwalara. Snow bai yarda ba. Ya lura cewa cutar a ciki take farawa, ba a huhu ba, saboda haka ta baki take shiga. A 1849 ya wallafa ra'ayinsa cewa gurɓataccen ruwa ne ke yaɗa ta, amma kaɗan ne suka saurare shi.

A ƙarshen watan Agusta na 1854, annobar ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka rasu. Snow ya karɓi jerin sunayen mamatan, ya bi gida-gida yana tambayar inda suke ɗiban ruwa. Yawancinsu daga famfon titin Broad suke sha. Wani gidan gajiyayyu da ke kusa yana da mutum 535, amma biyar kaɗai suka mutu, domin suna da rijiyarsu. Wata mata kuwa tana zaune nesa a Hampstead, amma ana kai mata ruwan famfon saboda tana son ɗanɗanonsa. Ita ma ta rasu.

Snow ya kai wa hukumar unguwar hujjojinsa. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon, ko da yake annobar ta riga ta fara lafawa. Bayan haka ya zana taswirar unguwar, ya sa baƙin layi ɗaya a kan gida domin kowane mamaci. Layukan suka taru cunkus kewaye da famfon. Wani limamin coci, Henry Whitehead, ya taimaka aka gano cewa ƙazanta daga wani masai ce ke tsiyaya cikin rijiyar famfon.

Snow ya rasu ranar 16 ga watan Yuni, 1858, yana da shekara 45, kafin likitoci su amince da ra'ayinsa. A yau masana lafiya suna zana irin taswirarsa da kwamfuta, domin su san inda cuta take da abin da ke kewaye da masu ita.

Tambayoyi
1. Me likitocin zamanin Snow suka ɗauka yana kawo kwalara?
2. Me ya sa mutum biyar kaɗai suka mutu a gidan gajiyayyu?
3. Me taswirar Snow ta nuna?