Ellen Swallow Richards, matar da ta shigar da girki da ruwan sha jami'a

A gidaje da yawa, nan ƙasar waje da can gida, in yarinya ta ce an ba ta gurbin karanta ilimin tattalin gida a jami'a, sai ka ga fuskar uba ta canza. Wato duk kuɗin makarantar nan a kan girki za su ƙare? Girkin da uwarta za ta koya mata kyauta? To, matar da ta kafa wannan fanni masaniyar sinadarai ce, kuma ita ce mace ta farko da ta shiga MIT, babbar cibiyar fasaha ta Amurka.

An haifi Ellen Henrietta Swallow ranar 3 ga Disamba, 1842, a ƙauyen Dunstable da ke jihar Massachusetts. Iyayenta duka sun taɓa koyarwa, su suka fara karantar da ita a gida. Uban manomi ne, daga baya ya buɗe kanti, ita ke taya shi tsaro da lissafi. Kuɗin jami'a kam babu. Sai ta shiga koyarwa, tana jinyar marasa lafiya, tana aikatau a gidajen mutane, har ta tara dala 300. Da su ta shiga kwalejin mata ta Vassar a 1868, tana da shekara 25, lokacin da sa'o'inta sun daɗe a ɗakin miji. Cikin shekara biyu ta gama.

Ta nemi aiki a kamfanonin sinadarai, duk suka ce ba sa ɗaukar mata. Ɗaya daga cikinsu ne ya ba ta shawarar ta gwada MIT a Boston. Aka karɓe ta, ta fara a Janairun 1871 a matsayin ɗaliba ta musamman, aka kuma yafe mata kuɗin makaranta. Ta ɗauka tausayin talaucinta aka ji. Ashe dabara ce: in wani ya ta da jijiyar wuya a kan an shigar da mace, shugaban makarantar zai iya cewa ai ba ɗaliba ba ce, tunda sunanta ba ya cikin masu biya. Ita kuwa ta bi su a hankali. Tana ɗauke da allura da zare, ta ɗinke wa malamai abin da ya yage, ta kintsa ɗakin gwaje-gwaje, don kada a ce boko ya fitar da ita daga sahun mata. Wasu a yau suna ganin ƙasƙanci ne. Ni dai ina ganin ta san inda take, kuma da haka ta fito da digirinta na kemistiri a 1873. Digirin dakta ne dai suka hana ta.

A 1875 ta auri Robert Richards, malamin injiniyancin ma'adinai a MIT ɗin. Allah bai ba su haihuwa ba. Gidansu na unguwar Jamaica Plain ya koma wurin gwaji: ta cire manyan labule da darduma masu tara ƙura, ta gyara hanyar shigar iska, ta koma girki da gas tana auna nawa kowane abinci ke ci. Shekara guda bayan auren ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje na mata a MIT da tallafin wata ƙungiyar matan Boston. Shekara bakwai tana koyarwa a nan ba albashi, har ma daga aljihunta take ƙarawa. An rufe shi a 1883 saboda makarantar ta fara ɗaukar mata kamar kowa, a 1884 kuma aka naɗa ta malamar kemistirin tsabtar muhalli.

Aikin da ya fi fito da ita shi ne na ruwa. A 1887 hukumar lafiya ta jihar ta sa a binciki ruwan koguna da tafkuna da ake sha, kuma ɗakin gwajin da take aiki ne ya ɗauki nauyin. An auna samfurin ruwa sama da 20,000, mafi yawa ta hannunta ko a ƙarƙashin idonta. Hikimar ga ta: kowane ruwa yana da ɗan gishiri na asali, mai yawa kusa da teku, yana raguwa in ana nisa da gaɓa. Sai aka zana taswirar da ke nuna gishirin da ya kamata a samu a kowane yanki in ruwan mai tsabta ne. Duk inda awo ya haura wannan, to alama ce ƙazantar mutane ko ta masana'anta na tsiyaya ciki, domin fitsari da ruwan wanke-wanke gishiri ne da su. Ruwa na iya zama garau a ido, taswirar ta tona shi. Wanda ya taso a gidan da rijiya ke taku goma da masai ya san abin da ake magana a kai. Daga wannan bincike jihar ta kafa ma'aunin ingancin ruwan sha, na farko irinsa a Amurka.

Haka ta yi wa kayan abinci. Tun ƙarshen shekarun 1870 ita da ɗalibanta suke sayo kaya a kantuna suna gwadawa, suna gano algus: garin katako a kirfa, da sauran ha'incin 'yan kasuwa. A 1882 ta fitar da littafi kan kemistirin girki da wanki, don matar gida ta san abin da ke faruwa a tukunyarta da abin da ake sayar mata. Shekarar ce kuma jihar ta yi dokar hana algus a abinci da magani.

Akwai inda ta sha ƙasa, kuma mu mazauna ƙasar waje za mu fi kowa ganewa. A 1890 ita da Mary Hinman Abel suka buɗe wani gidan abinci a Boston mai suna New England Kitchen, ana dafa abinci mai gina jiki da araha don leburori su saya su kai gida. An auna komai, lissafi ya fita daidai. Amma leburorin nan da yawansu baƙi ne daga Italiya da Ailan da gabashin Turai, kuma abin da aka dafa abincin 'yan ƙasa ne, salam a bakinsu. Suka ƙi zuwa. Mu da muke cusa daddawa da kuka da yaji a akwati mu tsallaka teku da su, ai ba sai an yi mana bayani ba. Ta san sinadarin abinci ciki da waje, amma ta raina ƙarfin sabo. Duk da haka wurin bai tashi a banza ba, domin daga 1894 shi ya riƙa dafa wa manyan makarantun Boston abincin rana, ɗaya daga cikin shirye-shiryen ciyar da ɗalibai na farko a ƙasar. A baje-kolin duniya na Shikago a 1893 ma ta buɗe irinsa, inda mai cin abinci ke ganin bayanin abin da ke cikin kwanonsa.

Fannin kansa a 1899 aka raɗa masa suna, a wani ƙaramin taro na mutum 11 a Lake Placid, jihar New York, ita ce shugaba. Suka ci gaba da haɗuwa duk shekara har 1908, aka kafa ƙungiyar tattalin gida ta Amurka, ta zama shugabarta ta farko. Abin da take nufi da fannin ya haɗa kemistiri, ilimin ƙwayoyin cuta, abinci mai gina jiki, tsarin gini da iska, tarbiyyar yara da kasafin kuɗin iyali. Hujjarta ita ce a gida ake kamuwa da yawancin cututtuka, a gida albashi ke ƙarewa, don haka gida ya cancanci bincike kamar yadda masana'anta ta cancanta.

Bayan rasuwarta ne aka yi ta jayayya a kan gadon da ta bari. Masu suka suka ce fannin ya zama shingen da ake kora 'yan mata ciki, a koya musu ɗinki da gashin burodi, a bar wa maza injiniyanci. Akwai gaskiya a ciki, musamman yadda aka riƙa koyar da shi a sakandare. Sai dai shekaru da dama sashen tattalin gida ne kusan kaɗai inda mace masaniyar kimiyya ke iya zama farfesa a jami'o'in Amurka, kuma daga nan aikin masana abincin asibiti ya samu gindin zama. Nauyin tsohon sunan ya sa a 1994 ƙungiyar ta koma kiran fannin kimiyyar iyali da masu sayayya. Sunan da sashen Jami'ar Gana da ke Legon ke amsawa ke nan yanzu, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa tattalin gida ake ce masa.

Digirin daktan da aka hana ta sai a 1910 ta same shi, na girmamawa, daga kwalejin mata ta Smith. Ciwon zuciya ya ɗauke ta a gidanta ranar 30 ga Maris, 1911, tana da shekara 68. Shekara 27 ta yi a kan muƙamin da aka naɗa ta a 1884, MIT ba ta taɓa ɗaga ta zuwa farfesa ba.