Marigayi Cif Ladoke Akintola, Firimiyan Jihar Yamma

Duk wanda ya daɗe da zama a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Shagamu, ba zai rasa jin tsofaffi suna ambaton zamanin Akintola ba. Waɗansu sukan tuna da shi saboda abotarsa da Sardauna, waɗansu kuwa saboda wutar da ta tashi a Jihar Yamma bayan zaɓen 1965. A wancan zamani Jihar Yamma ta haɗa ƙasar da yau take Oyo da Ogun da Ondo da Osun da Ekiti, har Ikeja da Agege da Mushin duk daga Badun ake mulkinsu.

An haifi Samuel Ladoke Akintola a Ogbomosho ran 6 ga watan Yuli, 1910. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, kuma neman abinci ya kai shi Arewa kamar yadda ya kawo mu Kudu. Akintola yana ɗan shekara 4 aka tafi da shi Minna. A can ya yi wayo, ya fara makaranta, ya kuma iya Hausa. Cikin 1922 ya koma gida ya shiga makarantar mishan ta Baptist. Ya yi aikin malanta a Ikko daga 1930 zuwa 1942, ya zama editan jaridar Daily Service cikin 1943, sa'an nan cikin 1946 ya tafi Ingila ya karanto aikin lauya.

Da aka kafa jam'iyyar Action Group, watau AG, cikin 1951, yana cikin na hannun daman Cif Obafemi Awolowo. Allah ya ba shi baki. Muryarsa siririya ce, amma in ya hau dandamali da Yarbanci sai taro ya yi ta dariya, abokin hamayya ya rasa ta cewa. Ya riƙe ministan ƙwadago, da na lafiya, da na sadarwa da jiragen sama a Gwamnatin Tarayya, ya kuma zama mataimakin shugaban jam'iyya bayan rasuwar Cif Bode Thomas.

Farkon gamuwarsa da siyasar Arewa ba ta yi daɗi ba. Cikin watan Mayu, 1953, shi ne ya jagoranci tawagar AG da ta nufi Kano don yin lacca a kan neman mulkin kai cikin 1956, alhali mutanen Arewa ba su huce daga ihun da aka yi wa wakilansu a Ikko ba. An hana taron, amma duk da haka faɗa ya kaure tsakanin Birni da Sabon Gari har kwana huɗu, mutum 36 suka mutu.

A zaɓen tarayya na 1959 AG ta yi ɓarin kuɗi irin wanda ba a taɓa gani ba. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa sauka a ƙauyukan Arewa, ana rubuta sunan Awolowo da hayaƙi a sararin sama. Duk da haka jam'iyyar ta zo ta uku. Awolowo ya tafi Ikko ya zama shugaban 'yan hamayya, ya bar wa Akintola kujerar Firimiya a Badun.

Ba a jima ba aka fara saɓani. Awolowo yana so a riƙa shawartarsa kafin gwamnatin jiha ta yanke magana, kuma jam'iyya ta ci gaba da ja da NPC. Akintola kuwa yana ganin zaman hamayya hasara ce ga Yarbawa, gara a shirya da Sardauna a sami rabo a Gwamnatin Tarayya. Ɓaraka ta fito fili a taron jam'iyya na Jos cikin Fabrairu, 1962. Cikin watan Mayu Gwamna, Ooni na Ife Sa Adesoji Aderemi, ya tuɓe shi ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Ranar da majalisa ta zauna don ta tabbatar da sabon Firimiya, magoya bayan Akintola suka ta da yamutsi, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, sai da 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sa dokar ta-ɓaci, ta ba Dokta Moses Majekodunmi riƙon jihar.

A cikin wannan riƙo ne aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a G. B. A. Coker, asirin kuɗin zaɓe ya tonu. Ga yadda abin yake. Hukumar sayen amfanin gona ta jiha takan sayi koko a hannun manoma a kan farashin da ta yanka, ta sayar a ƙasashen waje, ta ajiye rarar don ranar da kasuwa ta faɗi. Daga wannan ajiya aka riƙa ba wani kamfanin gine-gine mai suna NIPC rance, kamfanin kuwa manyan 'yan AG ne daraktocinsa. Kwamitin ya gano fiye da fam miliyan 4 sun bi ta wannan hanya sun shiga aljihun jam'iyya. Ashe guminsu manoman koko ne ya biya kuɗin jiragen nan. Rahoton ya ɗora wa Awolowo laifi, ya wanke Akintola, abin da ya ba mutane da yawa mamaki, tun da shi ne mataimakin shugaban jam'iyyar, kuma Firimiya tun 1959.

Ran 1 ga Janairu, 1963, aka mayar da shi kan kujerarsa ba tare da an koma ga masu ƙuri'a ba. Da kotun ƙarshe ta Ingila ta ce tuɓewar da Gwamna ya yi masa tana kan doka, sai majalisarsa ta gyara tsarin mulkin jiha ta mai da gyaran baya, hukuncin ya tashi a banza. Cikin Satumba na shekarar aka ɗaure Awolowo shekara 10 a kan laifin cin amanar ƙasa. Cikin 1964 Akintola ya kafa jam'iyyar NNDP mai alamar hannu, ya ƙulla ƙawance da NPC, Alafin na Oyo kuma ya naɗa shi Aare Ona Kakanfo, watau sarkin yaƙin ƙasar Yarbawa. Ya sami kome, in ban da abu guda: tun zaɓen jiha na 1960, wanda aka ci da tutar AG, talakawan Yamma ba su faɗi ra'ayinsu a kan kujerarsa ba.

Ranar tambayarsu ta zo ran 11 ga Oktoba, 1965. Tun kafin a jefa ƙuri'a aka ce 'yan NNDP 16 sun ci ba hamayya, domin a mazaɓu da dama malamin zaɓe yakan karɓi takardar ɗan takarar gwamnati ya ɓace, na hamayya su yi ta nemansa har lokaci ya ƙure. An kama takardun ƙuri'a a hannun mutanen da ba su da ikon riƙe su. A waɗansu wurare wanda aka ƙirga ya ci daban, wanda rediyon Badun ya faɗa daban, rediyon Inugu kuma yana karanto nasa sakamakon. Aka ba NNDP kujeru sama da 70 cikin 94. Adegbenro ya ce shi ya ci, ya naɗa tasa gwamnati, aka kama shi. Wani ɗan bindiga ya shiga gidan rediyon Badun ya sa aka ɗauke jawabin Firimiya aka sa wani mai cewa ya sauka. An gurfanar da Wole Soyinka a kan haka, kotu ta sallame shi.

Ana cikin wannan hali sai gwamnati ta rage farashin koko da kusan rabi, abin da ta ƙi yi kafin zaɓe. Daga nan ƙasa ta kama da wuta. Wannan shi ne tarzomar da ake kira Wetie, watau a jiƙa shi: a kwara wa mutum ko gidansa ko motarsa fetur a ƙyasta ashana. 'Yan ta-kife suka riƙa tare hanyar Ikko zuwa Badun, fatauci ya tsaya, rayuka da yawa suka salwanta. Gwamnatin Tarayya da ta yi saurin sa dokar ta-ɓaci cikin 1962 saboda jifa da kujeru, wannan karon ta ƙi, domin mai kujerar nata ne.

Ran 14 ga Janairu, 1966, Akintola ya tafi Kaduna ya gana da Sardauna, ya komo Badun a ranar. Cikin daren nan soja suka kewaye gidan Firimiya. Ya ɗauki bindiga ya yi musayar wuta da su, a ƙarshe suka kashe shi, yana da shekara 55. A wannan dare ne kuma aka kashe Sardauna a Kaduna, aka tafi da Firayim Minista a Ikko, mulkin farar hula na farko ya ƙare.

Har yanzu mutanen Ogbomosho suna girmama shi, jami'ar fasaha da ke garin ma sunansa take amsawa. Masu kare shi sukan ce shi ne ya fara gane cewa Bayarabe ba zai ci ribar Nijeriya ba sai ya haɗa kai da ɗan Arewa, kuma zamani ya gaskata shi. Amma kujerar da aka ba shi cikin Oktoba, 1965, wata uku kawai ya yi a kanta, bai kuwa yi kwana ɗaya cikin kwanciyar hankali ba.